Tsirkiya ta Bakwai

Ƙarfe uku na rana, duhu ya riga ya sauka a Tampere,
Jorma ya turo ƙofar shagona da kafaɗa,
ƙanƙara a gemu, jita a hammata,
ja, mai tsirkiya shida, ta sha hannu har ta koɗe.

Ya ɗaga haɓa, na ga ɗinkin likita a maƙogwaro.
"Sirkka," in ji shi,
kamar ana jan benci a ɗakin ƙarƙashin ƙasa,
"muryata ta faɗa rijiya,
jitar kuwa igiyarta ba ta kai can."

Na ce, sayi sabuwa mana,
ga su can rataye, masu bakwai, har masu takwas.
Ya shafa gurbin da damtsensa ya yi shekara talatin yana ci.
Na ja bakina.

To.
Na kwance mata wuya, sukurori huɗu cikin kofin kofi.
Ramin wuyan ya yi wa sabon wuya kaɗan:
saura milimita tara.
Huɗu da rabi dama, huɗu da rabi hagu,
abin da bai kai faɗin farce ba,
amma katakon da aka ci ba ya tsirowa.
Sau biyar na auna. Na sha ruwa. Na sake aunawa.

Ga abin da mai kallo ba ya sani:
a jita mai shida, tsakiya fili ce, babu kowa a kai,
uku nan, uku can.
Da ta bakwai ta shigo, ta huɗu ce za ta hau layin,
kowace sai ta gusa.
Baƙo ɗaya ne, amma duk gidan sai an ɗaga shimfiɗa.

Na cire jakin ƙarfe,
na toshe tsofaffin hudoji shida da tsinke da gam,
na bar su su kwana kusa da murhu.
Da safe na huda bakwai.

Injin ƙwaƙule ya yi kuka, garin katako ya tashi,
ƙamshin itacen da aka sare tun ina budurwa.
A kwanar ƙarshe hannuna ya yi rawa,
fenti ya ɓantale, girman ƙwayar wake.
Na zagi injin. Ba laifinsa ba ne.

Sai kunnenta na lantarki:
maganaɗisu shida ne a jere, kowa da tasa,
ta bakwai za ta yi ta ihu a gefe, ba mai jin ta.
Na faɗaɗa masa rami, na naɗa sabo,
waya siririya kamar gashin jariri,
zagaye dubu takwas, idona na ruwa,
tafki a waje ya daskare har mota na bi ta kai.

Ran Alhamis ya dawo.
Na jona waya, na murɗa sauti kaɗan.
Ya taɓa mai kaurin da babban yatsa,
kofin sukurori ya hau rawa a kan tebur,
na ji ta a haƙora kafin kunne.

Ya buɗe baki. Bai same ta ba.
Yana ƙasa da ita har yanzu, taku guda.
Gabana ya faɗi.
Shi kuwa sai ya kai hannu, ya sassauta ta,
kaɗan, kaɗan,
tana saukowa kamar guga,
har suka haɗu.

Na ce, ka bar ta mako guda in shafe tabon nan,
da hudojin da na toshe, ba wanda zai gane.
Ya gyara mayafin wuyansa, ya ƙi rufe ɗinkin.
"Bar su," in ji shi. "Nawa ne kuɗinki?"