Yatsa Na Shida

Na hau danfo daga Agege da hantsi,
jakata da biro da ruwan leda,
ina neman mutum guda a Ikko,
wanda ya rasu ban zo duniya ba.

Sunansa Cindo, mutumin Gwarzo,
ya zo a jirgin ƙasa da shanun wani,
shanu suka ƙare, shi ya zauna,
ya kama goro, bai koma ba.
Iyakar abin da Inna ta sani ke nan,
sauran, ta ce, ba a faɗa mata ba.

A wani ɗakin adana takardu a Yaba
aka ba ni fom, aka ba ni kujera.
Kundi ya zo yana warin laima,
sunayen masu filaye reras,
da harajinsu har sisin kwabo.
Mai haya ba ya shiga kundi,
mai kwana a rumfa ba a ƙirga shi ba.

Wata ma'aikaciya ta raɗa mini:
je ki Mushin, bayan gidan burodi,
ki nemi Baba Oyelakin mai maɗaba'a,
shi bai taɓa zubar da takarda ba.

Haka ne kuwa. Ɗaki har rufi,
'yar jaridar unguwa mai shafi huɗu
da ya yi shekara talatin yana bugawa.
Gara ta cinye watan Maris kaf,
damina ta sha rabin wata shekara,
wasu kuma yaransa sun kai wa mai tsire.
Ashe mun ci tarihinmu da yaji
a bakin titi, ba mu sani ba.

Kwana uku ina juya shafi.
Rikicin famfo. Bikin wani tela.
Akuya ta ɓata, an ga akuya.
Tari ya kama ni, Baba ya miƙo goro,
ya ce da Hausarsa ta cikin kasuwa:
ci, ƙura ba ta taɓa kashe mai nema ba.

Rana ta huɗu, gobarar kasuwa.
Hoto ya koɗe kamar tsohon zane,
maza a jere riƙe da bokitai,
ɗaya a gefe ya rungumi huhu,
hayaƙi ya shafe masa fuska.
A ƙasa an sa: wani mai goro.
Wani. Ko sunansa ba a tambaya ba.

Na matso da fitilar waya,
na ƙirga yatsun da ke kan huhun:
ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar,
ga wani ɗan mitsitsi a gefe ya leƙo,
irin wanda aka ɗaure mini da zare
ina jaririya, ya faɗi, ya bar tabo.
Na dubi hannuna. Na dubi nasa.
Ban iya ce wa Baba komai ba.

Ya zaro jan biro daga bayan kunne,
ya ce, gyara ba ya tsufa, rubuta.
Na sa Cindo a gefen hoton,
a hankali, kada takarda ta huje,
don hannuna bai daina rawa ba.

A hanyar gida gosulo ya riƙe mu a Oshodi,
mai tsire na yayyaga jaridar jiya.
Na saya, na ci, na lallaɓa takardar,
na goge man, na ninke ta biyu,
na sa a jaka, ban yar ba.