Mai Shuɗi da Mai Ja

Tankari ya ce in ɗauki mai shuɗin tambari,
wai ƙwaƙwalwarta ta riga ƙiftawar ido.
Zabairu, daga rumfar da ke kallon tasa,
ya tofar da tsinken sakace, ya ce zancen banza,
mai jan ce ke wuni ba ta nemi wuta ba.
Shekara uku ba su haɗa shayi ba
a kan ɗan ƙarfen da bai kai farcen babban yatsa ba,
alhali ko ɗayansu bai san ƙofar maƙerar ba.

Ni ce Sahiya, mai buga takarda
a gindin bedi, daura da kotun Tawa.
Na saya duka biyun, tsofaffin hannu,
ɗaya kuɗi ƙasa, ɗaya bashi zuwa kaka.

An ce can ƙetaren ruwa maƙeran biyu
kokawa suke ba kiɗa, ba gurunzumi.
Wannan ya fito bana ya ce na kada shi da gudu,
wancan ya taso baɗi ya ce na kada shi da jimiri,
kowa ya zana tsaninsa a allo,
kowa tsaninsa ya fi tsawo.
Ina jin a ɗaki mai sanyi suke awon,
inda ba a san watan Afirilu ba.

Ran Talata aka ɗauke wuta tun hantsi.
Tsoho Nomau ya zo daga Bambai da ƙarar gona,
iyaka ce aka ture masa taki bakwai,
kuma alƙali na tashi ƙarfe biyu.
Na buɗe mai shuɗi. Kai, ta yi gudu!
Kafin ya gama sallama ta shirya.
Sai ta fara huci, cinyata ta ɗau zafi
kamar na rungumi tandar masa.
Muna kan sunan kakansa na uku
fuskarta ta yi baƙi. Sauri ya haifi nawa.

Na jawo mai ja.
Ita ba ta huci, ba ta kuma gaggawa,
ta tsaya tunani kan kowane shafi
har Nomau ya tambaya ko salla take.
Ta kai mu tsamiyar da ke bakin iyaka,
ta kai mu shaidu biyu, ɗaya ya rasu,
saura layi huɗu da sa hannu
batirinta, mai kumburin ciki tun zuwansa,
ya ce shi ma iyakarsa ke nan.

Biro na ciro daga ɗankwalina,
na dala ashirin, mai cizajjen kai.
Da shi muka ƙarasa.

Da maraice na biya ta kasuwa.
Tankari ya miƙe: ya kika ga gudu?
Zabairu ya leƙo: ya kika ga ƙarko?
Na ce ku aika wa iyayen gidanku,
in da gaske takobin suke nema
su zo su zauna gindin bedina wuni guda,
rana ta yi musu alƙalanci.

Dukansu suka yi dariya, karo na farko tare,
sannan kowa ya ce sabuwa na hanya
wadda za ta kashe bakin ɗan'uwansa.
Nomau kuwa an ɗaga shari'arsa zuwa bayan damina.