Rabon Rana

Rumfar Baba na bakin tashar Ɗan Isa,
tsakanin mai shayi da mai gyaran rediyo.
Nan nake karatu bisa tsohuwar taya,
kaye a cinya, warin roba da gam a hanci.

Jiya Mushe Lawali ya ba mu haruffa biyar,
ya ce su ke mulkin duk iskar da aka tsare:
matsi sau girman ɗakin da take ciki
daidai yake da yawanta, sau zafinta,
sau wata lamba da ba ta motsi,
R, mai taurin kai kamar jakin kakana a Tibiri.

Aikin gida: taya ce da asuba,
zafi ashirin da bakwai, matsi uku cif.
Da azahar kwalta ta kai ta hamsin da bakwai.
Nawa ne matsin?

Na ninka, na raba, biro na ta gudu.
Shida har da ɗoriya!
Na ce, Baba, ashe matsi ninkuwa yake.

Bai ko ɗago ba.
Yana danna roba cikin ruwan rabin duro,
yana jiran kumfa ta tona asirin huda.
Ya ce, Tsahara, da haka ne
babu motar da za ta ga Jibiya,
da hanya ta kurmance don ƙarar fashewa,
ni kuwa da tuni na yi bene a unguwar Zariya.

Na koma layi bayan layi
kamar mai tsintar tsakuwa a wake.
Ga ɓarawon nan:
ɗari biyu da saba'in da uku,
na baro su a bakin ƙofa.
Iska ba ta ƙidayar zafi daga daskarewar ruwa,
can ƙasa take farawa,
a sanyin da komai ke tsayawa cik.

Ɗari uku da asuba,
ɗari uku da talatin da azahar.
Kashi ɗaya cikin goma ne ya ƙaru.
Uku da ɗigo uku.

Na rufe ido, na ga ƙwayoyinta a duhun taya,
kamar mu a aji cikin bazara, taga a rufe:
ba mu ƙaru ba, ɗaki bai ragu ba,
zafi ne kawai ya sa muke bugun bango.

Baba ya goge hannu a gefen riga.
Ya ce, wannan ɗan ƙarin naki na san shi,
rabon rana nake ce masa.
Shekara talatin ina bar mata wurinta
ban taɓa sanin tana da lamba ba.

Sai ga motar rake daga Jiratawa, tana ɗingishi.
Injin iska ya yi tari sau biyu, ya tashi.
Baba ya ƙwanƙwasa taya da ƙarfe, ya kasa kunne,
sannan ya miƙo mini ma'auni.
Allura na hawa a hankali.
Ya ce, ke za ki ce mini ya isa.