Kogin da Ke Komawa Baya

Takardar tana manne a bangon jami'a a Phnom Penh,
ruwan sama ya lashe rabin lambar wayar:
ana neman ɗalibai biyu, na shekara uku,
su bi kogin Tonle Sap da kwalabe,
su ƙirga abin da ido ba ya gani.
Na tsaya ina karantawa har mai shara ta ce in gusa.

Na tarar da Baba yana ɗinkin koma.
Bai ɗago ba.
"Rachana, shekara arba'in ina ci daga ruwan nan.
Na san fushinsa, na san ranar da yake rowa.
Yanzu ki ce akwai jama'a a ciki
da ban taɓa gaisawa da su ba?"
Na ce, "A cokali guda, Baba,
sun fi mutanen Kampong Chhnang yawa."
Ya yi dariya har zare ya kuɓuce masa.

Malama Kunthea ba ta da yawan magana.
Ta ba ni akwatin ƙanƙara, safar hannu,
da littafi mai bangon roba.
Ta ce, "Rubuta lokaci kafin ki rubuta ra'ayinki."

Asuba, kwalba. Azahar, kwalba.
Gaban kasuwa, bayan jirgin masu yasar yashi,
ƙarƙashin gidajen da ke tsaye kan dogayen ƙafafu.
Da damina ta cika, kogin ya juya kamar kullum,
ya koma inda ya fito,
ya kwanta cikin daji, ya tsotsi ruɓaɓɓen ganye,
su kuma suka ci, suka hayayyafa,
aka ci su, aka ci wanda ya ci su,
har abin ya zama kifi a komar Baba.

A wata na bakwai injin kwalekwale ya mutu.
Ƙanƙara ta narke tun kafin la'asar.
Kwalba sittin, aikin mako uku,
na tuttular da hannuna.
Kogin ya karɓi abinsa, ko godiya babu.

Daren nan Inna ta buɗe tulun kifinta,
wanda ta danne da gishiri tun bara.
Warin ya cika ɗaki.
Na ce, "Su ne suka dafa miki wannan, ba wuta."
Ta ɗanɗana, ta lashe yatsa.
"To, ashe na riga malamarki kiwonsu.
Ni dai ban taɓa barin nawa sun mutu ba."

Yanzu Baba ne ke tuƙa ni.
Ba ya yarda da inji.
Jiya na kai shi ɗakin bincike, ya cire takalmi a ƙofa,
ya kafa ido ɗaya a madubin, ya runtse ɗayan,
ya daɗe.
Ɗigo-ɗigo kore na ƙyalli a cikin duhu
kamar fitilun masunta in an hango su daga tudu.

Da ya ɗago sai ya tambaya a hankali,
kamar mai gudun kada su ji:
"Waɗannan na wajen jirgin yashi ne?
Na ga ba su da yawa."

Na buɗe littafin.
Na rubuta lokaci.