Akwatin Ƙarƙashin Bene

A ƙarƙashin matakala, a gidanmu na Hull,
bayan tsintsiya da takalman ruwa,
akwai akwatin katako mai launin shayi.
Ya girme ni. Ya girmi tutar Najeriya.
Fis shida na tangaran a jere
kamar haƙoran da suka rage wa tsoho.
A cikin murfin, da fensir, wani Mista Ogden
da ban taɓa gani ba ya rubuta:
kicin, fitilun sama, ɗakin Maureen.
Ban san Maureen ba. Ɗana ke kwana a ɗakinta.

Daren Laraba, buta na tafasa, injin wanki na juyi,
Lantana ta jona dutsen guga.
Ɗif.
Bakina ya riga hankalina: "Sun ɗauke!"
Na ɗaga labule, duk layin na haske tar.
Babu wanda ya ɗauke. A nan ba ka da wanda za ka zaga.
Ɓarawon na cikin gida.

Na durƙusa, tocila a baki,
ina zura siririyar waya a ramin tangaran
kamar mai laluben kafar allura,
sai ga Baba a raina, a shagonsa na Funtuwa,
ranar da fis ya ƙone ana tsakar ciniki.
Ya naɗe shi da takardar azurfa ta kwalin sigari,
ya ce, "Ita ma wuta lallashi take so."
Ta lallasu shekara uku.
A ta huɗu ta lashe rufin.

Denise ta zo ran Litinin a farar mota,
gashi a ɗaure, sukudireba a aljihun gwiwa.
Ta taɓa wata waya, robar ta marmashe
kamar ƙuli-ƙulin da ya kwana a aljihu.
Ba ta ce uffan ba. Ta fesar da iska ta hanci.
Na san wannan numfashi, likita ya taɓa yi mini shi.
Fam ɗari bakwai da hamsin.
Na fara juya shi zuwa naira, na bari a tsakiya.

Yini guda gidan ya kurumce.
Firji ya daina gurnani.
Ashe agogon bango yana da murya.
Maƙwabciya ta miƙo fulas ta saman shinge,
muka sha shayi da safar hannu.

Da la'asar ga sabon baƙo a bango,
fari, na ƙarfe, maɓallai goma a sahu.
"Wannan," in ji ta, "yana ƙirga wutar da ta fita,
yana ƙirga wadda ta dawo.
In ɗigo ya ɓace a hanya,
ta ruwa, ko ta yatsan yaronka,
zai yanke kafin ka ƙifta ido."
Na ce na san ta. Inna ce da magariba
a bakin garke tana ƙirga awaki:
in ɗaya bai shigo ba, babu mai cin tuwo.

Tsohon fis waya yake gadi, ba mutum ba,
kuma sai ya mutu aikinsa ke cika.
Wannan kuwa a'a kawai yake cewa,
ƙas,
ka ɗaga shi, ya miƙe, babu gaba.

Ta kwashe tangaran ta zuba a bokiti.
Na roƙi murfin. Ta dube ni, ta ba ni.
Sannan ta miƙo biro da 'yan takardun liƙawa.
Kicin, na rubuta. Fitilun sama.
Ɗakin Sagir.
Akwai sauran fili, kaɗan, a ƙasa,
na ƙara da ƙananan baƙi: da Maureen.

Duk wata shida, ta ce, danna maɓallin gwaji.
Ina yi, bayan asuba, kafin kowa ya tashi.
Gidan ya faɗa duhu da yatsana.
In tsaya a ciki kaɗan, ina jin ƙanshin tsohuwar ƙura,
in ce a hankali, sun ɗauke.
Sai in ɗaga.
Firji ya yi gyaran murya.