Abin da Farce Ya Shaida

Shekara talatin da takwas a Koyimbatur
ina feƙe sandunan famfo,
kunnena ne ma'aunina.
In haƙorin inji ya fara dakushewa
ina jin kukansa kafin ido ya gani,
yadda uwa ke rarrabe
kukan yunwa da na rigima.

Ruwa muke kwarara wa ƙarfe don ya huce,
fari kamar madarar da aka ha'inta,
in ya yi mako a tanki sai ɗoyi.
Dubi bayan hannuna.
Shi ya zana mini wannan taswira
ta ƙaiƙayi, daga wuyan hannu har gwiwa.

Sai ga Pungodi, 'yar ƙanwata,
wadda ni na saya wa jakar makaranta ta fari,
ta sauko daga babur da 'yar kwalba.
"Kawu Kaliyappan, man kwakwa ne."
Na ce, na girki ko na gashi?
Ba ta yi dariya ba.
Ta ce, "Da baƙi a ciki, ƙwayoyin nano,
dangin baƙin da ke bakin fensir.
Tsaga gashin kanka gida dubu,
tsagi ɗaya ya fi su kauri."

Na ɗaga kwalbar ga hasken taga.
Mai ne kawai, ya ɗan yi duhu
kamar sararin yamma kafin ruwan Yuni.
Abin da ban gani ba, yaya zan ba shi amanar injina?

Ta rufe famfon ruwan.
Ta kafa siririn bututu dab da haƙori,
feshi kaɗan, ko tsuntsu ba zai jiƙe ba.
Na ce yarinya, ƙarfen nan ba ya jin lallashi,
zai yi shuɗi, zai cinye haƙorin rufi ɗari huɗu.
Ta ce, "Kunna."

Na kunna.

Sassaƙen ya fito yana nannaɗe,
dogo, launin karan shinkafa,
bai ƙone ba, bai tsinke ba.
Tana magana a kan kafaɗata,
wai suna shiga tsakanin haƙori da ƙarfe,
su kwanta, su zame kan juna,
su kwashi zafi su fice,
su cike ramukan da ni ban san da su ba.
Ban saurare ta ba. Injin nake saurare,
kuma injin ya sauke murya
kamar mai faɗa da aka miƙa wa shayi.

Na tsayar. Na ja farce a kan sandar.
Farcen ya wuce bai yi tuntuɓe ba.
Na sake ja, don tsufa ba ya yarda da shaida ɗaya.

Sanda sittin haƙori kan yi a hannuna.
Ran nan mun wuce tamanin
na daina ƙirga, don kada ta ga fuskata.

Ba duka ne zuma ba.
In kwalbar ta kwana, baƙin sukan kwanta a gindi,
sai an girgiza su kamar ɗan koyon da ya makara.
Kuma na tambaye ta,
wanda ya iya shiga ramin ƙarfe,
me zai hana shi shiga huhu?
Ta yi shiru, shirun mai gaskiya,
ta ce, "Ana kan dubawa,"
ta ɗaura mini ƙyalle a hanci da hannunta.

Abin da ban faɗa mata ba:
kukan da na sani ya tafi.
Haƙori yanzu a ɓoye yake tsufa,
ni kuwa, mai sittin da ɗaya,
na koma ɗan koyo a gaban injina.
Da safe, kafin yara su iso,
nakan girgiza kwalba, in kunna,
in kawo kunne kusa.