Kwana Arba'in da Uku

Can saman Andes, inda numfashi ke tsada,
inda ciyawa ke girma a durƙushe don tsoron iska,
Nélida ta kwance bakin jarka,
ta tuttula koren shuni a tsohuwar magudana.
Ruwan ya karɓa bai tambaya ba, ya yi gaba.

Ni aikina ɗaukar kwalabe.
Fermín nake, ba za ka ga sunana a takardar bincike ba.
Ashirin da huɗu a jaka, suna kaɗawa a bayana
kamar haƙoran mai jin ɗari.

Magudanar ta girmi cocin garinmu.
Kakanni suka jera duwatsunta
don su janye ruwan damina daga rafi,
su kai shi gangaren da ƙasa ke da ƙishi,
ya nutse, ya yi tafiyarsa a duhu,
ya ɓullo a ƙasa ranar da sama ta dunƙule hannu.
Shukar ruwa muke ce wa wannan.
Mutanen Lima sun yi dariya da fari,
da famfunansu suka fara tari
sai ga Nélida da na'ura a kan alfadari.

Ta ce, "Ina yake fita, kuma bayan kwana nawa?"
Tsoho Anacleto Huaringa, mai rabon ruwa,
ya tofar da ganyen da yake taunawa:
"Idon ruwan gindin tsagaggen dutse. Wata guda.
Ubana ya faɗa min, shi ko bai san shuni ba."
Taswirarta ta nuna wani wuri daban.
Aka ƙulle gawayi a ƙyalle,
aka ɗaura a idanun ruwa bakwai,
nake zagaya su duk Talata da Asabar.

Sati ɗaya, shiru.
Sati uku, alfadari ya take min kwalba biyu.
Wata ya cika, idon Anacleto garau,
tsoho ya koma amsa gaisuwata da ka,
sai ka ce ni na ɓoye shunin a aljihu.
Nélida na jera sifiri ƙarƙashin sifiri,
leɓenta ya tsage, kuɗin aikin na tsiyayewa.
Da dare na ji malaminta a waya:
"Ai sifiri ma sakamako ne."
Ta kife wayar a kan buhun dankali.

Kwana arba'in da uku, yarinya ta hauro
daga garin ƙasa, garin da ba ma ga maciji
tun shekarar da aka rotsa wa kawuna kai kan iyakar kiwo.
Bokiti a hannunta, tana haki.
Wai uwarta na tambaya,
wa ya sa wa ruwansu launin fiffiken aku?

Muka gangara.
Idonsu ne, ba ya cikin bakwai ɗinmu.
Shekara nawa muna yashe magudana kafin damina,
hannu a farfashe, ƙafa a laka mai yankan ƙashi,
ashe gonarsu muke ba wa ruwa!

Anacleto ya tsuguna ya ɗebo a tafi,
ya daɗe yana kallo har ya zurare ta tsakanin yatsu.
Can ya ce, "To, namu fa, daga ina?"
Nélida ta ɗaga kai ta dubi dutsen gabas,
inda mutanen ƙasa ke da tasu magudanar,
wadda muke wa ba'a tun muna yara
don ta ba garinsu baya.
Ta ce, "Akwai sauran rabin jarka."

Ba a sasanta ba tukuna, kada in yi ƙarya,
tabon kan kawuna na nan, yana nuna wa kowa.
Amma jiya sun turo dattijo ɗaya da shebur uku,
suka zauna nesa da mu, suka ci gasasshiyar masararmu.
Ni kuwa an ƙara min kwalba goma sha biyu.
Bayana na ciwo.
Gobe Talata, da idonsu zan fara,
kafin rana ta taɓa ƙanƙarar kan ciyawa.